Falwayar da Baba Ya Kafa

Shekara biyar ke nan, a wannan damina, da rasuwar mahaifina Malam Sale, wanda mutanen garinmu suka fi sani da Sale Mai Waya. Sai da na daɗe ina kallon takarda kafin hannuna ya yarda ya rubuta sunan, domin ban taɓa furta shi da bakina ba. Manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Bai riƙe sarauta ba, bai yi aikin gwamnati ba, kuma ban yi tsammanin akwai mai karanta wannan jarida da ya taɓa jin labarinsa ba, sai dai in ɗan yankinmu ne.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne wani labari da muka ji a rediyo kwanan baya a ɗakin kwananmu na jami'a, cewa gwamnati na shirin faɗaɗa layukan tarho a ƙasar nan. Abokan karatuna suka hau gardama a kan inda ya kamata a fara da inda za a samo kuɗin. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi ƙofar gidanmu, inda wata doguwar azara take tsaye har yau, ba komai a kanta sai tsuntsaye.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya riga ya gane abin da nake nufi, amma saboda yaran birni bari in yi bayani. A al'adarmu iyaye suna jin kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Wasu gidajen sun sassauta, amma Baba ya riƙe tasa da ƙarfi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya dube ni ya ce "kai" ba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, saboda haka a ɗakin yayarsa na tashi, Gwaggo Hajara, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan mutuwar mijinta. Ita ce ta zama hanyar da maganarsa take bi ta iso ni.

Sai ya tsaya a tsakar gida, ina zaune gab da ƙafarsa da littafi, ya ɗaga kai yana kallon rumbu ya ce, "Yaya, a tambayi ɗan makarantar nan ko takalminsa na nan da rai."

Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Gwaggo, yana nan, igiyar ce kawai ta tsinke."

Gwaggo ta ajiye faifai ta ce, "Oho! Ga shi ga ka, amma sai an bi ta kaina? Ni kuka mayar gidan waya? To yau mun rufe, ku dawo gobe."

In Gwaggo ba ta nan, jakinsa yake gaya wa. Na sha jin yana ɗaure masa mangala yana cewa, "Da za ka faɗa wa wasu mutane su daina karatu a rana, da ka kyauta." Washegari kuwa sai in tarar an kafa 'yar rumfa ta kara a daidai inda nake zama.

Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kuma ba na rubuta wannan don in aibata al'adar iyayenmu. Ina ganin ƙannena, 'ya'yan matar da ya aura daga baya, suna hawa kafaɗarsa suna jan gemunsa, ban yi hassada ba. Abu ɗaya dai nake so, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin: ko sau ɗaya ne, ya yi magana da ni, ni da shi, ba Gwaggo, ba jaki. Kuma da yake ni ma nauyin bakin nasa na gada, babu alamar ɗayanmu zai fara.

Ina kwalejin horon malamai aikin noman rani ya iso yankinmu. Na dawo hutu na tarar katafila ta baje gonakin da na sani tun ina yaro, an yanka su murabba'i murabba'i, an haƙa kanal da ruwa ke gudu a ciki da tsakar rani. An gina bariki a wajen Kadawa don ma'aikata. Daga bakin gonarmu kana hangen falwayoyi jere a gefen titin da ya tashi daga Kano ya nufi Zariya, waya tana lilo a kansu, sa'annan wani reshe ya karkata ya shiga barikin. Mu dai ta wuce mu. Baba yakan tsaya da fartanya a kafaɗa ya daɗe yana kallon ta. Ya taɓa ganin wani dillalin kayan gwari a Kano ya kara wani abu a kunne yana ciniki da mutumin da ke Ikko, kuma abin bai bar ransa ba.

Ran nan malamin gona ya zo ƙofar gidan mai gari aka tara mutane. A cikin bayaninsa ya ce bayan girbi za a kawo mana waya, kowane magidanci ya taimaka da itacen da za a kafa. Bai ƙara komai ba, babu kuma wanda ya tambaya. A Hausa ai kalmar ɗaya ce. Da yawa daga cikin waɗanda ke wurin tarho suka ji, amma babu wanda ya ɗauki abin da zafi kamar Baba. Yana da azarori na giginya da ya daɗe yana tarawa don sake rufin zaurenmu. Ya zaɓi wadda ta fi tsawo da miƙewa, ya kira maƙwabta suka taya shi, aka kafa ta a ƙofar gida. Ya buga mata wani guntun katako a gicciye can sama kamar yadda ya gani a na bakin titi, ya shafe gindinta da farar ƙasa. Wai kada masu jan layi su zo su ce babu wurin ratayawa su wuce.

Bayan girbi mota ta zo. Yara suka bi ta da gudu, manya suka fito. Aka sauke nannaɗaɗɗiyar waya mai ƙaya, wadda za a yi wa kanal shinge da ita don kada shanu su rushe bakinsa.

An yi dariya a garinmu har aka gaji. Wanda ya fi kowa shi ne Buba, wani Bafulatani abokin Baba da rugarsu ke bayan gari. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya a gindin azarar nan ya kara sandarsa a kunne ya ɗaga murya, "Halo, halo! Sale Mai Waya ne? Don Allah buga mini ruga, ka ce wa jar saniyar nan ta daina zuwa kanal, wayarku ta yage mata cinya!"

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai dai Bafulatani ba ka san zuwan baƙi ba. Yayar ce ta riga isowa, ƙanwar na hanya."

Haka sunan ya bi shi. Kowa ya ɗauka zai tumɓuke azarar ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Bai tumɓuke ba. Maimakon haka sai ya tara wasu manoma suka tafi ofishin hukumar tarho neman a ja mana layi na gaske. Ban je ba, daga bakin waɗanda suka je na ji, kuma na tambayi fiye da mutum ɗaya don kada in rubuta abin da ba haka ba. Sun ce da akawun da ya saurare su, tsakanin titi da garinmu ba nisa, su za su kawo itace, su za su haƙa ramuka, su yi aikin gayya kyauta, kai in ma akwai abin da za a saya za su haɗa hannu. Tarho ɗaya tak suke so, a sa shi inda kowa zai iya zuwa.

Akawun ya karɓe su da mutunci, ya ba su wurin zama. Ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Doka ba ta ba kowa ikon jan layi ko taɓa shi ba sai hukuma, ko da mutum da kuɗinsa da itacensa ya zo. Hukuma kuma tana da tsarinta: ofisoshin gwamnati tukuna, sai asibitoci, sai kamfanoni, sai gidajen birni, waɗanda su ma suna nan suna jira. Ƙauye bai shigo cikin tsarin ba tukuna.

An ce sai Baba ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kun kawo mana har cikin gona ba mu roƙa ba. Magana ce ta fi ruwa nauyin ɗauka?"

Akawun ya yi murmushi ya ce zai isar da saƙo. Ina kyautata zaton ya isar.

Dalilin da Baba yake ba mutane shi ne tumatir, kuma dalili ne na gaskiya. Wanda bai noma shi ba ba zai san tashin hankalinsa ba. Ka tsinke, ka cika kwanduna, ka kai bakin titi, ka zauna jiran motar da za ta kai shi kudu. In ta zo, madalla. In ba ta zo ba, kana ji kana gani rana za ta narkar da wahalarka, ruwan ya riƙa tsiyaya ta ƙasan kwando. Da akwai yadda za a tambaya ko mota ta taso kafin a tsinka, da an huta. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da nake haɗa kayana zan koma makaranta, Gwaggo tana ƙulla mini ƙuli-ƙuli a tsumma. Na ce da ita tumatirin nan ya hana Baba sukuni.

Ta dube ni ta ce, "Tumatirin me? Kai dai karatun nan bai ƙara maka wayo ba. Mutanen da suka fi shi gona ma sun haƙura. Cewa ya yi da ni, wai an gaya masa a waya ba a ganin fuskar mutum."

Na karɓi ƙullin na sa a akwati. Amma tun daga garinmu har makaranta, tafiyar yini guda a mota, maganar nan nake juyawa.

Da rani ya tsaya, lokacin tumatir, wata rana bayan azahar muna aji masinja ya leƙo ya kira sunana, ya ce ana nema na a ofishin shugaban makaranta, an bugo waya daga Kano. Ɗalibi ba a kiran sa a waya sai mutuwa. Na bi shi zuwa ofishin. Ban taɓa riƙe kan tarho ba, sai da akawun makaranta ya juya mini shi don na riƙe shi a kife.

Na ji shuuu kamar ruwa na gudu a kanal, sai muryar wata mata, mai haɗa layi, ta ce, "Ga shi nan, Baba, yi magana." Daga baya na ji cewa motar tumatir ya biyo zuwa Kano, ya tafi gidan waya tun da safe ya ba da sunan makarantarmu, ya zauna a benci har rana ta karkata kafin layi ya samu.

Muryarsa ta zo da ƙarfi, irin ta mai kiran wani daga ƙetaren gona. "Salamu alaikum! A gaya wa ɗan makarantar nan kowa lafiya. A ce masa tumatir ya yi kyau bana."

Na ce, "Alaikumus salam. An ji."

Muka yi shiru. Ina jin numfashinsa, na san shi ma yana jin nawa.

Sai matar nan ta shigo, da alama tana saurare. "Haba Baba, wa za a gaya wa? Shi ne fa riƙe da wayar. Tun safe kake zaune, ga mutane na jira a bayanka. Yi masa magana mana!"

Shirun ya ƙara tsawo har na ɗauka layin ya yanke. Can sai na ji muryarsa, wannan karon ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"To. To madalla." Ya yi gyaran murya. "Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ka riƙa ci. Na ga ka rame da ka zo hutu."

Na buɗe baki zan amsa, sai ƙit, layin ya ɗauke. Na tsaya riƙe da kan tarhon har akawu ya zare shi daga hannuna yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na girgiza kai. Ban iya gaya masa cewa mutumin da ban taɓa kama shi yana kallona ba ne ya ce ya ga na rame.

Ke nan. Iyakar hirar da na taɓa yi da mahaifina ke nan, kuma na rubuta ta duka, ban rage ko kalma ba.

Da na dawo hutu na yi ta tunanin yadda za mu haɗu. Na same shi a zaure yana gyaran kwando. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi bango ya ɗaga murya, "Yaya, a tambayi ɗan makarantar nan ko ya iso lafiya." Gwaggo daga ciki ta ce, "Au, gidan wayar Kano ya rufe ne kuka dawo mini?" Na ga gefen bakinsa ya motsa. Da yamma, yana ɗaure jaki a gindin azarar nan, na ji yana ce masa, "Ta Kano ta yi nisa, ga mutane na saurare. In ta iso ƙofar gida, akwai sauran magana."

Ba ta iso ba. A daminar da ta biyo zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ina makaranta. Wani direba aka ba saƙo, kafin ya same ni an riga an yi sadakar uku. Da motar da ta kawo ni ta sauke ni a bakin titi, na ɗaga kai na ga wayar nan tana lilo a kan falwayoyinta, ɗauke da maganganun wasu mutane daga birni zuwa birni.

Yau in Baba zai dawo ya ga yankinmu, abubuwa da yawa za su ba shi mamaki. Kanal ya kai inda da sai ƙaya da geza. Ana noma alkama da shinkafa a gonakin da ba su san komai ba sai gero. Samari sun sayi kekuna, wasu har babura, kusan kowane zaure akwai rediyo. Gwamnati ta iya yi mana magana safe da yamma ta cikin akwatin nan, mu ne dai har yanzu ba mu da ta inda za mu amsa. Kwandunan tumatir kuwa suna nan suna tsiyaya a bakin titi kamar da.

A gardamar da abokaina suka yi, ɗaya ya ce dole a fara da manyan birane, domin can ne kuɗin da aka zuba zai dawo. Wani ya ce a bar 'yan kasuwa su shigo su ja layi, tun da hukuma ita kaɗai ta kasa. Na je ɗakin karatu na duba abin da na iya samu a kan batun, kuma na yarda jan waya abu ne mai tsada, ba kuma kowa za a bari ya taɓa layi ba, don kada a lalata na kowa. Ban fi masu tsarin sani ba. Abin da na kasa fahimta ɗaya ne. In doka ta ce babu mai yin abu sai hukuma, to ai hukuma ta ɗora wa kanta nauyin yin sa ke nan. In kuwa ba za ta iya yanzu ba, me zai hana ta karɓi hannun da aka miƙo mata? Manoman da suka ce ga itace ga ƙarfinsu suna nan, yanzu ma sun fi da hali. Tarho ɗaya a kowane garin kasuwa, a ɗaki ɗaya da mutum ɗaya mai kula, ba zai hana Kano ko Kaduna samun nasu ba.

Ina kuma roƙon masu zana taswirar layukan nan su tuna cewa ba ciniki kaɗai waya take ɗauka ba. Sun iya auna abin da ofis ko kamfani zai biya. Amma akwai maganar da ke zaune a bakin mutane shekara da shekaru tana jiran hanyar fita, kuma masu ita ba sa jira har abada.

Na san abin da Baba zai yi da ya ji labarin nan na rediyo. Ba zai shiga gardama ba. Zai tambaya ta wane gefen titi za ta biyo, sa'annan ya fita ya girgiza azararsa ya ji ko gindinta na nan da ƙarfi.

A hutun da ya wuce na tarar zaurenmu na yoyo. Ƙanena ya kawo shawara a tumɓuke azarar a sa ta a rufi, tun da dama don haka aka tanade ta, kuma gara ba ta taɓa ta ba. Shawara ce mai kyau. Kowa ya juyo yana kallona, don yanzu ni ne babba. Ni da ban iya magana a taro ba, na ji bakina ya ce a bar ta, a nemo wata.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ko ta zo yanzu, wa za ka kira?"

Gwaggo ce ta amsa daga kan tabarmarta, ta tsufa yanzu, idonta ya yi rauni amma bakin na nan. Ta ce, "Ku bar masa abinsa. Shi ma wata rana zai yi ɗan fari, kuma na san shi, ya fi ubansa nauyin baki. Ni kuwa ba zan zauna ina haɗa musu layi har abada ba."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Da safe kafin in tafi tasha na jiƙa farar ƙasa na sake shafe gindinta.

Baba bai bar mana dukiya mai yawa ba. Ya bar gona a bakin kanal, da suna da aka laƙaba masa don tsokana ya karɓa da dariya, da itace ɗaya a tsaye da ke nuna yana sa ran za a tuna da mu. Ni kuma ya bar mini kalma biyu da ya biyo motar tumatir ya yini a benci kafin ya iya faɗa. Sauran maganar da ya ce akwai, ban san ta ba, sai dai in Allah ya haɗa mu a inda ba a bukatar Gwaggo ko waya. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci. Har yau in an kira ni a tarhon jami'a, kafin mai magana ya buɗe baki, a cikin shuuu ɗin nan na farko, ina jin ana tambaya ƙasa-ƙasa, "Kai ne?"

Ni ne, Baba. Kuma ina cin abinci.